An canza wa laftof bod, lasisin Windows ya tafi: ina mafita?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana kwamfuta ku ba ni shawara kafin in kashe kuɗi. Ina da laftof HP EliteBook 840 G3, ta hannu na saya, da ita nake buga wa mutane takardu da katin biki, a ciki kuma nake ajiye lissafin adashen unguwarmu. Kwanakin baya wuta ta zo da ƙarfi tana jikin caji, bod ɗin, wato babban allon cikinta da komai ke haɗe a kai, ya ƙone. Mai gyara ya samo wani bod daga wata irinta da aka farke, ya saka, ta tashi, kayana duk suna nan alhamdu lillahi. Sai dai tun daga ranar wani rubutu ya fito a ƙasan allo ta hannun dama, Activate Windows, duk inda na shiga yana nan. Na leƙa Settings na ga lamba 0xC004F211. Ko hoton fuskar allo ta hana ni canzawa. Mai gyaran ya ce lasisin ya bi tsohon bod, sai dai in ba shi dubu biyar ya sa min sabon ki, wato lambar lasisi, ko kuma ya sa min wani na kyauta da ba ya mutuwa. Ga kuma saƙon da take ta nuna min cewa wa'adin Windows 10 ya ƙare. Da wanne zan fara? In biya kuɗin ki, ko in wuce Windows 11 gaba ɗaya?

Ɗan Beirut Road:
Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya ya faɗa miki, lasisin da kwamfuta ta zo da shi daga kamfani da bod yake tafiya. Ki ba shi kawai ya sa miki, dubu biyar ba tsada a wannan zamanin. Mu kullum aikin da muke yi ke nan a shago.

Abban Sadik:
Hajiya kada ki biya tukuna. Rabin maganar aka faɗa miki. Haka ne lasisinki ya tafi da tsohon bod, amma shi wannan da aka saka miki ai daga wata EliteBook aka ciro shi, ita ma kuwa da nata lasisin ta baro kamfani. Tun zamanin Windows 8, a 2012, kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suka bar manna sitikar ki a ƙarƙashin kwamfuta kamar yadda ake yi lokacin Windows 7, suka koma dasa lambar a cikin BIOS, wato manhajar tayar da kwamfuta da ke jikin bod ɗin kansa. Ina kyautata zaton abin da ake so ki saya yana nan cikin kwamfutarki yanzu haka.

Ki danna Start, ki rubuta cmd, ki buɗe shi a matsayin administrator, ki kwafi wannan layin daidai yadda yake:

wmic path softwarelicensingservice get OA3xOriginalProductKey

In akwai ki a bod ɗin za ki ga haruffa da lambobi 25, rukuni biyar, kowane rukuni biyar-biyar. Ki rubuta a takarda, kuma don Allah kada ki turo hotonsa nan, mu da yawa ne a zauren. Daga nan ki jona intanet, ki shiga Settings, Update & Security, Activation, ki danna Change product key, ki shigar da shi. Idan layin ya dawo babu komai, ki sanar da mu, akwai wata hanyar.

Maman Ilham:
Allahu Akbar! Malam, ki ɗin ya fito. Na shigar da shi, ta ɗan yi juyi kaɗan, sai ga shi ta rubuta Windows is activated with a digital license. Rubutun ƙasan allon ya ɓace. Allah ya saka da alheri, ya raya su Sadik.

Abban Sadik:
Amin Hajiya, madalla. Saura abu ɗaya ki yi yau ɗin nan. A wannan shafin na Activation ki haɗa kwamfutar da asusun Microsoft naki, har sai rubutun ya ƙaru da linked to your Microsoft account. Amfaninsa shi ne in an sake taɓa kayan ciki, za ki iya shiga Troubleshoot ki zaɓi I changed hardware on this device recently, ki nuna kwamfutarki a jerin da zai fito.

Ga sauran 'yan uwa da ke karantawa, ba duk lasisi ne iri ɗaya ba, kuma rashin sanin haka ne ke sa ake asara. Akwai na OEM, wanda ya zo da kwamfuta daga kamfani. Shi a ƙa'ida inda bod ɗinsa yake nan yake, ba a ɗauke shi a kai wata na'ura. Akwai na retel, wanda mutum ya saya da kuɗinsa daga Microsoft ko dillalinsu. Wannan naka ne, kana iya cire shi daga tsohuwar kwamfuta ka kai sabuwa, muddin a guda ɗaya yake aiki a lokaci ɗaya. Sai na ma'aikatu, wanda ake sayar wa kamfani ko jami'a a dunƙule. Duk mai son ya san nasa ya rubuta slmgr /dli a cmd, zai ga an rubuta OEM_DM, ko RETAIL, ko VOLUME_MAK, ko VOLUME_KMSCLIENT. Idan kwamfutar gidanka ce ka ga kalmar VOLUME, to akwai magana.

Canza RAM ko sa SSD a madadin tsohon faifai, ko yin fomatin, ba ya kashe lasisi. In ana girka Windows ta nemi ki, ka danna I don't have a product key, ka zaɓi irin wadda kake da ita a da, Home ko Pro. Da ta ga intanet za ta gane na'urar ta tabbatar da kanta. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwamfuta tana da lasisin Home, mai gyara ya ɗora mata Pro don ya saba da ita, sannan a ce lasisi ya mutu.

Baban Khalifa:
To ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya ke nan. Layi ɗaya da ba ya cin minti biyu, amma mai gyara bai duba ba, ya tsallake ya ce a kawo dubu biyar. Mutum nawa aka karɓi kuɗinsu a kan abin da suke da shi? Oga Ɗan Beirut Road, kai ma fa cewa ka yi ta biya.

Ɗan Beirut Road:
Yallabai a yi mana adalci. Ba kowane bod ne ke da ki a ciki ba, Abban Sadik shaida ne. Akwai waɗanda suka baro kamfani da FreeDOS ko Ubuntu, babu lasisin Windows ko kaɗan. Akwai destof ɗin da aka harhaɗa. Sannan yawancin yaran da ke gyara a kasuwa a hannu suka koya, abin da ogansu ya nuna musu shi suka sani, ba mugunta ba ce. Kuma ku da kuke magana daga ofis, ku zo ku tsaya a shago yini guda. Windows 11 Home a wurin Microsoft dala 139 ce, Pro kusan dala 200. Ku buga da canjin yau, Home ɗin kaɗai wajen naira dubu ɗari biyu. Ɗalibi ya tara kuɗi da ƙyar ya sayi laftof, in ce masa ya ƙara kusan kuɗinta don ya cire rubutu a ƙasan allo? Zai fita ya shiga shagon gaba, a yi masa a dubu biyu.

Abban Sadik:
Maganarka ta bod marar ki gaskiya ce, maganar tsada ma gaskiya ce, ba wanda zai musa. Inda muka rabu shi ne abin da ake ba mutum a dubu biyu ko biyar ɗin, da abin da ake gaya masa.

Ki ɗin araha ba daga Microsoft yake zuwa da wannan farashin ba. Mafi yawa na MAK ne, wato ki guda da aka sayar wa wata ma'aikata don na'urori masu adadi, wani ya fitar da shi yana sayar wa jama'a ɗaya-ɗaya. Wasu daga rajistar masu rubuta manhaja ake zaro su, waɗanda aka bayar don gwaji kawai. Ranar da ka saya zai yi aiki. Ranar da adadinsa ya cika, ko aka gano aka toshe shi, in ka sake fomatin sai ka ga 0xC004C008 ko 0xC004C003, wanda ya sayar maka a intanet kuwa ba ka san inda yake ba.

Na kyautan da ba ya mutuwa, wanda aka yi wa Hajiya tayi, shi ya fi tayar min da hankali. Da KMS ake yin sa. Asalin KMS tsari ne na ma'aikatu: kwamfuta tana tuntuɓar sabar kamfaninsu, a ba ta izinin kwana 180, tana sabuntawa muddin tana ganin sabar. Manhajojin kirak, wato masu kunna Windows ta bayan fage, irin su KMSpico suna kwaikwayon wannan sabar ne a cikin kwamfutarka. Kafin a girka su sai an kashe Windows Defender, an ba su cikakken iko. Wato ka buɗe wa abin da ba ka san wanda ya haɗa shi ba ƙofar na'urar da kake shiga banki da imel da WhatsApp a kanta. Masu binciken tsaro sun sha kama kwafin KMSpico da aka cusa wa manhajar satar kalmomin sirri. Hajiya tana da lissafin kuɗin mutane da takardun kwastomomi a ciki. In da zaɓi biyu ne kawai, gara ta zauna da rubutun Activate Windows. Windows marar lasisi tana aiki, tana karɓar afdet, abin da take hanawa shi ne kwalliyar allo.

Amira BUK:
Yaya Abban Sadik ni tawa wani saƙo take kawowa, Your Windows license will expire soon, da shuɗin akwati a tsakiyar allo ina cikin rubuta aikin makaranta. Wata biyar ke nan da sayenta, London used. Na yi slmgr ɗin da ka ce, VOLUME_KMSCLIENT ta nuna.

Abban Sadik:
Ƙanwata kwana 180 ɗin ne suke shirin cika. Ko dai Windows ɗin ma'aikatar da ta yi amfani da ita a can ce ba a goge ba, ko kuma wanda ya sayar miki ya yi mata KMS. Ki gwada layin da na ba Hajiya. In Windows 11 ce sabuwa wmic ba lallai ya yi ba, don an fara cire shi, sai ki buɗe PowerShell ki rubuta:

Get-CimInstance SoftwareLicensingService | select OA3xOriginalProductKey

Ki kuma duba wace iri ce a kai. Idan Enterprise ce, ki ɗin bod ba zai dace da ita ba in na Home ne, sai an kwashe kayanki a filash an sake girka wadda ta dace. Kwamfutar da ta fito daga wata ma'aikata ma dama ya fi kyau a goge ta tas kafin a fara amfani da ita.

Malam Na Tudun Wada:
Salamu alaikum. Na ga ana ta maganar ta fuskar fasaha, bari in sa baki ta wata fuskar. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin ƙirƙira da na wallafa haƙƙi ne da shari'a ta kare, ba a ta'adda a kansa. Na san akwai malaman da suka sassauta wa mai buƙata da zai yi amfanin kansa, wannan saɓani ne sananne, ba shi na zo warwarewa ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne tsakanin mai shago da mai saye. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Idan ka ce wa mutum orijinal ce alhali kirak ka sa, ko ka karɓi kuɗin ki alhali ka san nan da wata shida zai tsaya, wannan ba Microsoft ka cuta ba, ɗan uwanka ka cuta. Ka faɗa masa abin da ka sa masa, ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Ɗan Beirut Road:
Allah ya gafarta Malam, wannan na karɓa. Ni dai a shagona ba na ce wa kowa orijinal in ba ita ba ce. Amma in faɗi gaskiya, da yawa cikin masu saye sun sani sarai. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya ba da dubu biyu a kan abin dubu ɗari biyu ba zai ce bai yi zargin komai ba.

Baban Khalifa:
Wanda ya san farashin ke nan. Maman Ilham ta sani? Mahaifina da na saya wa kwamfuta yana karatun littattafansa ya sani? Yawancin mutane ba su ma san ana sayen Windows ba, sun ɗauka tare take zuwa da na'ura kamar kibod.

Barista:
Ƙaramin gyara ga Abban Sadik, don kada a ɗauka duk ki mai rahusa na sata ne. A 2012 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar UsedSoft da Oracle cewa wanda ya sayi lasisin manhaja na dindindin yana iya sayar da shi, muddin ya daina amfani da nasa kwafin. A kan wannan ne ake da kamfanonin da ke cinikin lasisi na hannu a Turai a bisa doka. Sai dai su suna ba ka takardun da ke nuna asalin lasisin da wanda ya fara sayensa. Mai turo maka haruffa 25 ta WhatsApp ba shi da ko ɗaya. Kuma a lura, ki ya yi aiki daban, mallakar lasisi daban. Ga mai amfani a gida bambancin ba zai dame shi ba, amma makaranta ko kamfani da za a iya binciken kayansa, rasit da takarda su ne hujja.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. To saura maganar Windows 11 ɗin. Na sauke PC Health Check kamar yadda wata ta ce min ta bayan fage, ta ce furosesata ba ya cikin waɗanda aka amince da su. i5-6300U aka rubuta.

Abban Sadik:
Haka ne Hajiya, ƙarni na shida ne a jerin furosesan Intel. A irin naki, lambar farko bayan i5 ita ke nunawa. Windows 11, wadda ta fito 5 ga Oktoba 2021, tana neman Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama, da matakan tsaro biyu, TPM 2.0 da Secure Boot, da RAM aƙalla 4GB da wurin ajiya 64GB. Wanda tasa ta cika sharuɗɗan, hawa kyauta ne, lasisin Windows 10 ɗinsa shi zai ci gaba da aiki, Home ta koma Home, Pro ta koma Pro. Wasu kuma na'urarsu ta cancanta, TPM ne kawai a kashe a BIOS, sunansa PTT a Intel, fTPM a AMD, kunnawa kawai za a yi.

Taki ba ta ciki, amma ba ta mutu ba. Abin da ya faru ranar 14 ga Oktoba 2025 shi ne Microsoft ta daina fitar da gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10. Kwamfutar za ta ci gaba da tashi, lasisinki yana nan. Matsalar ita ce duk ɓarakar da aka gano daga ranar ba za a toshe miki ba. Masu tuna muguwar manhajar WannaCry a watan Mayun 2017, wadda ta tsayar da asibitoci a Ingila, sun san cewa tun watan Maris aka fitar da gyaran, waɗanda ba su saka ba ne ta kama.

Akwai ƙarin wa'adi da ake kira ESU, wanda zai kai ki 13 ga Oktoba 2026. Sharaɗinsa Windows 10 ɗin ta kasance zubin 22H2, lasisinta yana aiki, kuma ki shiga da asusun Microsoft. Kin ga amfanin abin da muka yi ɗazu. Ki je Windows Update za ki ga Enroll now. Hanya uku ce: ki yarda a riƙa ajiye saitin kwamfutarki a asusunki, wannan kyauta ne, ko maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko dala 30 sau ɗaya. Ki ɗauki ta farkon. Wannan ƙarin wa'adin ki yi amfani da shi wajen tara kuɗin wata.

Sarkin Fomatin:
Oga duk wannan dogon zance ne. A sa manhajar Rufus a haɗa filashin girkawa, a cire alamar TPM da Secure Boot, a ɗora mata 11. Na yi wa G3 da G2 ba adadi, har T440 na yi wa, suna gudu lafiya lau, kuma lasisinsu na 10 ya kama ba tare da an sa komai ba. Sharaɗin nan na ƙarni na takwas dabara ce ta a sayi sababbin na'urori. Kwamfuta mai i5 da SSD da RAM 8GB me ta rasa?

Abban Sadik:
Ba na musun tana hawa, kuma ni ma ina ganin an zubar da na'urori masu lafiya da yawa da wannan sharaɗin, musamman a irin ƙasashenmu da kasuwar ta hannu ce ke riƙe da mutane. Amma ka faɗa wa wanda kake yi wa sauran labarin. Microsoft ta rubuta ƙarara cewa na'urar da ba ta cika sharaɗi ba ba ta da tabbacin samun afdet. A aikace na wata-wata yana zuwa, amma babban na shekara ba ya sauka da kansa. Kowane zubi na Home da Pro wata 24 ake tallafa masa, 23H2 ga shi ta ƙare a Nuwamba 2025. Wanda ka ɗora wa ita ya tafi, in bai dawo wurinka ba yana nan zaune a kan Windows 11 da ba ta samun gyara, yana ganin ya tsira. Sannan daga 24H2 akwai umarnin da dole furosesa ya iya, irin su Core 2 Duo ko da Rufus ba za su tashi ba. Ga mai iya kula da kayansa da kansa, ya yi. Ga Hajiya da sana'arta ke kan na'urar, ESU ya fi mata kwanciyar hankali a bana.

Sarkin Fomatin:
To bayan Oktoba 2026 fa? Za mu dawo nan ɗin dai. Ba kowa zai iya sayen wata ba ko an ba shi shekara uku.

Mai Linux:
Nan ne nake shigowa. Linux Mint ko Ubuntu, da ake girkawa a madadin Windows, ba ki, ba aktibetin, ba wanda zai ce furosesanka ya tsufa. G3 za ta ɗauke su cikin sauƙi. Mai shiga intanet da kallon darasi da rubutu a LibreOffice ba abin da zai rasa.

Maman Ilham:
Ƙanena CorelDRAW fa? Da shi nake katin biki. Kuma kwastoma in ya kawo takardar Word yana so ta fito yadda ya tsara ta, ko layi ɗaya ya goce sai ya dawo min da ita.

Mai Linux:
A nan kam Anti ki zauna a Windows. CorelDRAW ba ya da na Linux, Inkscape mai irin aikinsa kuma sai kin sake koyo daga farko. Na fi ba ɗalibai da masu tsofaffin na'urori a gida shawarar.

Ɗan Maraɗi:
Salama alaikum mutanen Najeriya, ina biye da ku daga nan Maraɗi. Wata tambaya gare ni kusa da wannan. Na sayo Lenovo a Kano, Windows ɗinta da Ingilishi take, ni kuwa aikina duk da Faransanci ne. Na nemi in canza harshe ta ƙiya, an rubuta Home Single Language. Wani nan ya ce sai na sayi Pro. Kuma ina da wani tsohon ki na Windows 7 Pro a sitikar tsohuwar na'urata, ko zai yi?

Abban Sadik:
Barka da zuwa ɗan uwa. Ki ɗin Windows 7 a da yana yi. Tayin hawa 10 kyauta a hukumance ya ƙare tun 29 ga Yuli 2016, amma ƙofar ta zauna a buɗe shekaru, sai a Satumba 2023 aka rufe ta. Yanzu ki na 7 ko 8 ba ya kunna sabuwar girkawa. Na'urar da ta riga ta hau kafin lokacin ita lasisinta yana nan.

Maganar harshe kuwa ba sai ka sayi Pro ba, wanda daga Home dala 99 ne. Single Language harshe ɗaya take ɗauka a lokaci guda, amma kana iya sauko da Windows ta Faransanci daga shafin Microsoft, ka haɗa filash mai 8GB ko fiye, ka sake girkawa. Mai girkawar yakan karanta ki ɗin bod ya zaɓi irin da ta dace da kansa, in kuma ya tambaye ka sai ka zaɓi mai harshe ɗaya ɗin. Ka kwashe kayanka tukuna, ka tanadi data don fayil ɗin ya haura 5GB, kuma ka tabbata batir ya cika ko akwai wuta tsayayya.

Wani abu da ya shafi kowa, har da masu gyara: kafin a taɓa BIOS ko a canza bod, a duba ko faifan yana kulle da BitLocker. Sababbin Windows 11 suna kunna shi da kansu in an shiga da asusun Microsoft. In bod ya canza za ta nemi wata lamba mai alƙaluma 48, wadda ba ita ce ki ɗin lasisi ba. Tana cikin asusun Microsoft na mai na'urar. In babu ita, babu mai gyaran da zai iya fito da kayan. Maman Ilham ta yi sa'a nata faifan ba a kulle yake ba.

Ɗan Beirut Road:
Wannan ta BitLocker gaskiya ce, na ga wanda ya yi kuka da hawaye a kanta, aikin digirinsa na biyu ne a ciki, yaron da ya buɗe masa asusun kuma ya manta kalmar sirrin.

Tunda Hajiya za ta fara tari, bari in ba da tawa gudummawar ta ɓangaren da na sani. Kada ki je kasuwa ki ce a ba ki mai Windows 11, don kowace ana iya ɗora mata, za ki ga G3 da 11 a kai tana sheƙi. Lambar furosesa za ki duba da idonki a Settings, System, About. A HP ki nemi 840 G5 zuwa sama, a Lenovo T480, a Dell Latitude 7490. Amma ko a cikinsu akwai waɗanda suka zo da ƙarni na bakwai, i5-7200U ko 7300U, jiki iri ɗaya, suna iri ɗaya. Ki tabbata kin ga 8250U ko 8350U ko sama da haka. Ki sa a jona ta da intanet a gabanki a buɗe shafin Activation, a buga slmgr ɗin nan, in kin ga OEM_DM sai a yi ciniki. Kuma a rubuta miki lambar furosesan a rasit.

Sarkin Fomatin, G3 ɗin da ke hannun mutane kuwa ina tare da kai, ba za mu zubar da su ba. Sai dai duk wanda za a ɗora wa 11 a kansu a gaya masa ya dawo da ita duk shekara a sabunta masa, kuma a sanar da shi, in ba fomatin aka yi ba, yana da kwana 10 kacal da zai iya komawa Windows 10 ta Recovery in firintarsa ta ƙi aiki.